Ganyen da Sallau Ya Ɗaura

Ku matso kusa. Ke da ke bakin ƙofa, tura ta. Wannan ba tatsuniya ba ce, ba sai kun amsa mini ba. Ku dai yi shiru.

A Tudun Maƙera akwai wani direba, sunansa Sallau. Yana da wata farar a-kori-kura, ba babba ba, ba ƙarama ba, da yake ɗibar tumatir da albasa daga fadama zuwa kasuwa. Mutum ne mai sanyin hali, mai son gaisuwa. In ka fara yi masa addu'a, kafin ka kai tsakiya ya ce amin.

Mahaifiyarsa, Inna Yalwa, tana can ƙauyen Kwarin Marke ita kaɗai. Idonta ya daɗe da tafiya, amma kunnenta kan ji takun kaza a bayan danga. A wata damina gefen ɗakinta ya zube. Hansai, ƙanwar Sallau, ta kafe a kan sai an dawo da tsohuwa gari. Inna ta yi ta ja har kaka, sannan ta yarda, amma ta ce ko muciya ba za a bar mata a baya ba.

Kayan sun fi ƙarfin bayan mota. Ga buhunan gero, ga randa, ga turmi, ga akurkin kaji. Saura gadon ƙarfe da katifa, da azarar ɗakin da ba ta ruɓe ba. Sai Sallau ya je wurin Ubale mai walda ya aro wata 'yar tirela mai ƙafa biyu, irin wadda ake jan injin ban ruwa da ita.

Ubale ya saƙala ta a ƙugiyar bayan motar, ya zura ƙusa, ya ɗaure sarƙa. Ya ce, "Ka taɓa jan irin wannan?"

"Ba bi na za ta yi ba? Ni ke gaba."

"Haka kowa ke cewa. Saurara. Nauyi ka sa shi gaba, kusa da ƙugiya. Kada ka yi gudu. In ka yi, za ta fara kaɗa wutsiya, ta kaɗa ka cikin rami. In za ka sha kwana ka buɗe sosai, don ba sawunka take bi ba, yanke take yi. Ribas kuwa, kada Allah ya kai ka."

"Amin."

"Kuma fitilarta ba waya. Ɗaura mata jan ƙyalle, ka dawo da sauran rana."

Ya so ya dawo da sauran rana. Amma Inna sai da ta shiga kowane gida a ƙauyen ta yi sallama, ta sha ruwa, ta yi wa wannan faɗa, ta sa wa wancan albarka. Ba su taso ba sai da la'asar ta yi sanyi. Tamfol ya tafi a kan gero, don haka gadon sai aka lulluɓe shi da wani tsohon farin mayafi. Katifar tana naɗe a kansa, a miƙe. Azara ta leƙo ta baya fiye da tsawon mutum.

Inna tana gaba, kusa da shi, ta riƙe carbinta. Ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗanta na fari. Direba take ce masa.

"Direba, wannan abin da ke ƙara a bayanmu, jaki ne ka ɗaure?"

"Tirela ce, Inna."

"To ba ta son tafiyar nan. Ni ma haka."

Hanyar burji ce, duk gargada. Can wani mai babur ya taho ta baya da gudu, saura kaɗan azara ta tsire shi. Ya kauce, ya wuce yana zagi. Sallau ya tsaya ya duba. Jan ƙyallen ya tafi, iska ta ɗauke. Ya laluba mota, ba wani abu ja. Sai ya hangi kalgo a bakin hanya, ganyensa kore shar. Ya karyo reshe, ya ɗaure a bakin azarar.

To kun ga, direbobi suna da maganarsu da ba ta baki ba. Ganye a kan titi, mota ta lalace a gaba. Ganye a jikin mota kuwa, gawa ce a ciki. Sallau ya san haka sarai. Ya dai ce a ransa, wa zai gani a wannan daji? Kafin kwalta zan cire.

An gani.

Wasu manoma da ke dawowa daga gona suka ratse gefe, suka tsaya cik. Ɗaya ya cire malafarsa. Gaba kaɗan wasu mata suka sauke itacensu, suka sunkuyar da kai har motar ta wuce. Sallau ya ɗaga musu hannu. Ba wadda ta ɗaga.

Rana ta faɗi. Sama ta yi ja, sannan ta yi toka. Lokacin nan ne da iyaye ke kiran yara su shigo gida.

Akwai wani kwalbati a hanyar, inda burji ke gangarawa cikin kwari. Dole mai tirela ya rage gudu a nan. Sallau ya sauko giya, ya lallaɓa. Sai ya gan su.

Mutane ne a tsaye a bakin kwalbatin, da dama. Duk dogaye. A ƙasa gabansu ga wani abu a naɗe cikin tabarma. Wani tsoho mai riga ruwan toka ya fito tsakiyar hanya. Bai ɗaga hannu ba. Tsayawa kawai ya yi.

Sallau ya taka birki. Tirela ta tunkuɗo shi ta baya, ƙugiya ta yi ƙara.

Tsohon ya zo taga. Ya yi sallama. Sallau ya amsa.

"Mai mota, ya haƙuri?"

Sallau ya ɗauka jajen ɗakin da ya zube ake yi masa. Ya ce, "Da godiya, Baba."

"Allah ya ji ƙanta. Allah ya sa ta huta."

"Amin, amin."

Sai da kalmar ta fita sannan kunnensa ya ji abin da aka ce. Ya buɗe baki zai gyara. Hannun Inna ya sauka a gwiwarsa. Hannun ya yi sanyi kamar randa.

Tsohon ya ce, "Mu ma mun yi rashi. Tun da hanya ɗaya ce, ka rage mana."

A nan Sallau ya lura. Leɓen tsohon kan gama motsi, ya rufe, sannan muryar ta iso. Kamar mai saran itace a nesa, ka ga gatari ya sauka, sai daga baya ka ji.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Suka ɗauki tabarmar suka zagaya baya. Ya ji an ɗora. Bayan motar ya zauna, sarƙa ta miƙe, hancin motar ya ɗaga sama har fitilunta suka koma haska rassan itatuwa.

Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Su nawa ne?"

"Da yawa, Inna."

"Ban ji takun ko ɗaya ba."

Ya leƙa madubin gefe. Na ƙarshensu yana hawa tirelar. Rigarsa ta ɗan ɗage. Dugadugansa ne a gaba. Yatsun suna kallon inda ya fito.

"Me ka sa a motar nan?" in ji Inna.

"Ba komai."

"Direba."

"Ganye ne. Ƙyallen ne ya faɗi, sai na..."

Carbin ya ci gaba da tafiya a hannunta. Can ta ce, "Ja mu je. Ba a barin gawa a hanya, ko ta waye."

Ya sa giya ɗaya. Motar da ke hawa tudu da albasa har sama, yau sai nishi take. Sitiyari ya yi sakwaf a hannunsa, kamar tayoyin gaba ba sa taɓa ƙasa. Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu. Yana tsakiya numfashinsa ya sarƙe. Daga baya, cikin iska, muryoyi suka ɗauka daga inda ya tsaya. Suka ƙarasa masa ita, a nutse, ba kuskure.

"Su ma da masu salla a cikinsu," in ji Inna. "Bar rawar jiki. Riƙe abin tuƙinka."

Tsohon bai hau ba. Yana gefen taga, yana tafe tare da motar. Kafaɗarsa ba ta hawa, ba ta sauka.

"Dama," ya ce.

Ba hanya a dama. Sallau ya shekara yana bin wurin nan, ya san kowane kututture. Amma da ya karya kan motar, sai ga wata siririyar hanya tsakanin sabara, faɗinta daidai motar. Rassa suna karta jikin ƙofa. Ba kukan gyare. Ba kwaɗo, alhali kwari ne kuma ruwa bai gama janyewa ba.

Suka fito wani fili, wani tsohon tafki da ya ƙafe, itatuwan kanya sun kewaye shi.

"Nan."

Ya tsaya. Bai kashe mota ba. Nauyin ya sauka a hankali, hancin motar ya dawo ƙasa, fitilu suka sauko tare da shi. Suka haska abin da ke gaba.

Ramuka biyu ne. Sababbi. Ƙasar da aka tono ko bushewa ba ta yi ba.

Suka wuce da tabarmarsu zuwa na hagu. Tsohon ya dawo taga, amma ta ɓangaren Inna.

"Ku sauko da taku."

Sallau ya ce, "Ba mu da gawa, Baba. Gado ne. Wallahi gado ne da katifa, je ka ɗaga mayafin."

"Ganye ya faɗa. An yi addu'a. Ka amsa."

"Ban ji ba ne! Bakina ne ya riga ni."

"Ai bakinka ne."

Sallau ya dubi uwarsa. 'Yar ƙarama a kan kujera, ƙafafunta ko ƙasa ba sa kaiwa sosai. Ya ce, "To ni na ɗaura, ni na amsa. In sai an bar wani a nan, ga ni."

Tsohon ya sunkuyo. Kansa ya shigo ta taga, ya wuce gaban Inna, wuyan bai ƙare ba.

"Yaya sunanka?"

Tafin Inna ya rufe bakin Sallau. Bai taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba.

Ta ce, "Ɗan fari ne. Ni ban taɓa faɗar sunansa ba, kuma ba a gabana za a faɗe shi ba. Ku ma ai kun san kunya."

Daga wajen ramukan wani sauti ya taso, kamar iska cikin karan dawa. Kan tsohon ya koma waje.

"Mun sani," ya ce.

Inna ta gyara mayafinta. "Bayin Allah, sannunku da haƙuri. Allah ya ji ƙan naku. Amma ni 'yar Adam ce. Ina da 'yar da za ta yi mini wanka, ina da mazan da za su yi mini salla. Mun rage muku hanya da naku, ba mu tambaye ku daga ina ba. Haka kuke sallamar wanda ya kama muku makara?"

Leɓen tsohon ya daɗe yana motsi kafin murya ta zo.

"Ba mu ke ɗauka ba, Yalwa. Hanya kawai muka fi ku gani. Akwai mai zuwa. A ƙafa yake. Ba ya sauri, ba ya hutawa. Mun ga ya taso, muka ce mu sauƙaƙa muku."

Sallau ya ture hannun uwarsa. "Yaushe ya taso? Kafin in ɗaura ganyen, ko bayan na ɗaura?"

Tsohon bai dube shi ba.

"Baba, don Allah. Kafin, ko bayan?"

"Ga tukuicinmu, mai mota. Muddin ƙafar motarka na juyawa, ba zai dafa ta ba. Ta tsaya, ya iso. Tashi. Ka riga ka daɗe."

Sallau ya jefa giya ribas. Motar ta ja baya, tirela ta karkace, ta naɗo kamar gwiwa, har azara ta daki jikin mota. Ya juya sitiyari wancan gefen, ta ƙara naɗewa. Zufa ta shiga idonsa. Ta baya ba fita.

Saura hanya ɗaya. Ya yi gaba, ya zagaye ramin dama, ya dawo bakin hanyar da suka shigo. Tsakanin ramin da gindin kanya, da ƙyar mota za ta wuce. Ya tuna maganar Ubale. Ya buɗe, ya buɗe, har madubin waje ya daki itace ya fashe. Motar ta wuce bakin ramin lafiya. Amma tirela ta yanke. Ya ji tayarta ta ciki ta hau sabuwar ƙasa. Ya ji ƙasar tana zubewa. Bayan motar ya karkata, sarƙa ta yi kuka.

Kowace gaɓa a jikinsa ta ce taka birki. Bai taka ba. Ya ƙara mai kaɗan, kaɗan, kamar mai lallashin jariri. Taya ta yi juyi a iska. Ta kama. Ta hau.

Bai waiwaya ba. Rassa suka sake kartar ƙofa, sai ga burji, sai ga kukan gyare ya cika duniya.

Ya taka mai. Allura ta hau. Nan da nan tirela ta fara kaɗawa, hagu, dama, hagu, tana jan bayan motar tare da ita. Kaji suka ɓarke da kuka. Wani abu ya faɗo ya fashe.

"Randata ke nan," in ji Inna. "Direba, in ka kifar da mu ai ka rage masa tafiya."

Ya ɗage ƙafa a hankali har wutsiyar ta lafa. Haka ya ci gaba, ba gudu, ba tsayawa. Ganyen yana can baya. Ba yadda za a kai gare shi sai an tsaya.

Ya ce, "Asibiti za mu."

"Asibitin ba a tsayawa a ƙofarsa?"

Ya gyara riƙon sitiyari.

"Kai ni wurin Hansai."

Ta shafa gaban motar, inda ƙurar burji ta kwanta, ta yi taimama. Ta yi magariba a zaune. Da ta sallame sai ta shiga hira, kamar suna tsakar gida. Ta ce buhun da aka ɗaure da baƙar igiya iri ne, kada a ci. Ta ce kazar nan mai wake-wake ta kusa kwanci, a ba ta ƙwai. Ta ba shi labarin ranar da yana yaro ya hau jakin maƙwabci ta baya, ya yi ta kuka wai an cire wa jaki kai. Ta yi dariya har da tari. Shi bai yi ba.

Can ta ce, "Ka yafe mini."

Ya ƙura wa hanya ido.

"Yau kuma bakin ya mutu? Ɗazu ga shi da sauri."

"Inna, ki bari."

"To na bari. Ni dai na yafe maka. Har randar."

Suka hau kwalta. Suka shigo Tudun Maƙera ana kiran isha'i. A mararraba shanu suna tsallakawa. Ya danna ham, ya kutsa tsakaninsu, taya na juyawa da ƙyar, makiyayi na dukan bodi da sanda. Bai tsaya ba.

Hansai tana ƙofar gida da fitila, tun ɗazu take jira. Ta ga mota ta nufo, ta yi murmushi. Motar ta wuce ta.

"Yaya! Ina za ka? Ga gida!"

"Biyo ni! Buɗe ƙofa ki shigo, ba zan tsaya ba!"

Ta yar da fitilar, ta bi da gudu, takalmi ɗaya ya fice. Ta kama ƙofa, ta faɗo ciki a kan cinyar Inna.

"Ke, za ki karya ni kafin lokaci," in ji Inna. Ta lalubi fuskarta. "Kin rame. Mijin naki ba ya cefane?"

Sallau ya gaya mata cikin 'yan kalmomi. Hansai ta ce ƙarya ne. Ta ce ya sha wani abu. Sannan ta dubi fuskarsa a hasken wani shago. Ta rungume uwarta.

Akwai filin ƙwallo a bayan makarantar unguwar. Nan ya shiga, ya kama zagaye, a giya ɗaya, tafiyar da ko tsoho zai iya bi. Mutane sun riga sun ga ganye da farin mayafi. Suka fara fitowa, maza daga masallaci, mata da lulluɓi, ana salati. Wata maƙwabciya ta matso taga tana share hawaye.

"Hansai, ya haƙuri? Yaushe abin ya faru?"

"Bai faru ba tukuna, Ta-Annabi," in ji Inna. "Ni ce mamaciyar. Ya yaran?"

Matar ta ƙwalla ƙara ta ja baya. Amma labari ya zagaya, kuma ba wanda ya tafi. Sallau ya leƙo ya yi ihu a yanke ganyen nan. Wani ya bi tirelar da wuƙa, ya yanke, ya jefar bayan katanga. Sallau ya juyo ya dubi Inna.

"An cire, Inna. Kin ji? An cire."

"Na ji," ta ce.

Mijin Hansai ya ruga ya kawo jarkar mai. Yana tafe yana ɗurawa, rabi a tanki, rabi a ƙafarsa. Aka ɗauko jikoki, ana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya zuwa taga. Inna ta shafa kan kowanne, ta gane shi da kunnuwansa, ta tofa masa addu'a. Tsofaffin da suka san ta tun tana amarya suka jera a gefen mota suna tafe suna gaisawa. Aka nemi gafara, aka yafe. Liman yana daga baya, yana karatu a hankali.

Motar ta yi zafi. Ƙafar Sallau ta sandare a kan totur. Tirela tana biye, ƙiƙi-ƙaƙa, tana zana da'ira a cikin da'irar motar.

Sai Inna ta ce, "Direba, ya isa."

"Akwai mai. Za a ƙaro."

"Sai yaushe? Sai ka tsufa a nan?"

"Ko zuwa safe, Inna. Ko zuwa safe kawai."

"Tafiyar nan da kake yi, ai ta mai ƙafa ce. Tun da muka shigo filin nan yake gefena. Bai matsa mini ba. Ba kyau a bar baƙo a tsaye."

Hansai ta dubi tagar. Mutane sun cika ko'ina a gefen motar, kafaɗa da kafaɗa. Amma daidai ƙofar Inna akwai wani gurbi, faɗin mutum ɗaya. Ba wanda ya ce a bar shi. Ba kuma wanda ya shiga.

"Na ga kowa," in ji Inna. "Na sha hira. Bayana ya gaji da kujerar nan taka. Tsaya."

"Ba zan iya ba."

"Za ka iya. Kai ka taso da ni, kai za ka sauke ni. Ba na son mai ya ƙare, a ce mota ce ta gaji da ni."

Ta ɗora hannu a gwiwarsa. Wannan karon da ɗumi.

Ya ce, "Na yafe miki, Inna. Ba ki yi mini komai ba."

"Madalla. Allah ya yi maka albarka."

Ya buɗe baki. Amin ɗin ya maƙale. Hansai ce ta amsa masa.

Inna ta fara kalmar shahada, Hansai na tayawa. Sallau ya ɗage ƙafarsa daga totur. Ya taka kuloci. Ya ɗora ɗayar a birki, a hankali, yadda bai taɓa taka birki ba a rayuwarsa. Taya ta juya, ta ƙara rabi.

Tirela ta zo ta taɓa bayan motar, ƙugiya ta ce ƙwas.

Kan Inna ya kwanta a kafaɗar Hansai.

Da safe aka yi mata wanka, maza suka yi mata salla, aka kai ta inda ake kai 'yan Adam.

Sallau yana nan. Yana tuƙi har yanzu, amma ko kurar ruwa ba ya ja. In kun gaishe shi kuka yi masa addu'a, za ku ga ya yi shiru yana kallon bakinku har ku gama, ya juya maganar a ransa, sannan ya amsa. Wani lokaci ma ba ya amsawa. Ya je wurin liman ya tambaya ko shi ya jawo. Liman ya ce masa rai na Allah ne, ganye ba ya kashe kowa, aljani ba ya ƙara wa mutum ko numfashi ɗaya. Sallau ya yi godiya. Mako na zagayowa ya tafi wurin wani malamin a wani gari. Shi ma haka ya ce. Ya sake yin godiya.

Wanda ya san amsar da yake nema yana can bakin kwalbati. An ce Sallau ya sha komawa da almuru, shi kaɗai, ya kashe mota ya jira. Ba hanya a dama. Sabara ce kawai.

Don haka ku ji ni. Kada ɗayanku ya bi hanyar Kwarin Marke shi kaɗai in rana ta faɗi. Kada ku sa wa mota ɗanyen ganye don wasa ko don gaggawa. In baƙo ya tare ku da addu'a a bakin hanya, ku bari ya kai ƙarshe, ku ji wa ake yi wa.

Ku tashi ku kwanta. Wanda zai fita bayan gida, ya tafi da wani.